Ƙwaƙwalwar Mijina

Ranar Talata ce, cikin zafin Agusta na shekarar 2013. Ina shagon kitso a Hyattsville, nan Amurka, na yi rabin kan wata mata, sai wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Ban ɗauka ba, don hannuna duk mai ne. Ta sake yi. Haoua, mai shagon, ta ciro ta ta kara mini a kunne.

Martins ne, babban kocin da mijina yake yi wa mataimaki. Bai taɓa kirana ba sai ran nan.

Ya ce, "Jidda, Greg ya faɗi a filin wasa. Muna asibiti. Ki zo."

Na ce, "Gwiwar ce kuma?"

Ina jin numfashinsa, ina jin wani ƙato yana kuka a bayansa kamar ƙaramin yaro. Na sake tambaya. Ya ce, "Ki dai zo."

Na ajiye wayar na ci gaba da kitso. Wallahi na ci gaba. Sai da na gama layi guda, Haoua ta riƙe mini hannu ta ce, "Ke, me aka ce miki?" Na faɗa mata. Ta yi salati, ta yafa mini gyalenta, ta tura ni cikin motarta. Matar nan da rabin kitso ban san yadda ta ƙare ba.

A asibiti suka ce zuciyarsa ce ta tsaya. Ya faɗi yana tsakiyar yi wa yara ihu, usur a bakinsa, kuma tun kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Aka buɗe mini fuskarsa. Gemun nan da na rage masa shekaranjiya yana nan yadda na bar shi. Na tsaya ina kallo, na kasa kuka, na kasa zama. Mutumin da ya sha kunu kofi biyu da safe, ya ce mini a ƙara sukari gobe.

Gregory baƙin Ba'amurke ne, ɗan Baltimore. Ya musulunta tun kafin mu haɗu, a masallaci ana ce masa Idrissa, amma ni Greg na saba. Yayana Mahamane, direban tasi, shi ne ya kawo shi gida ranar wata sallah, ya same shi yana zaune shi kaɗai bayan an idar. Ya ci dambun da na yi har ya suɗe kwano. Shekarar 2003 aka ɗaura mana aure. Allah bai ba mu haihuwa ba.

Ƙwallon Amurka ya buga tun yana yaro, irin wadda ake sa hular kwano ana karo. Ya buga a jami'a, ya buga wa ƙwararru 'yan shekaru, har gwiwa ta tsayar da shi. Daga nan ya zama mataimakin koci a wata ƙaramar jami'a a Maryland, kuma ya fi shekara ashirin a kan wannan aiki. An canza babban koci sau da dama, shi yana nan. Aikinsa horar da ƙattan da ke tsayawa a sahun gaba suna gwara kai da na ɗaya ɓangaren. Yakan rungumi wani buhu mai laushi ya tsaya, su riƙa rugowa ɗaya bayan ɗaya suna bankarsa.

Mahamane ba ya gajiya da tsokanarsa. "Bijimi, yau raguna nawa suka tunkuye ka? A garinmu Damagaram sai an kusa layya ake haɗa su karo, ku kullum."

Greg ya ce da 'yar Hausarsa ta koyo, "Yaya, kai mota kake tuƙawa. Ni mutum nake tuƙawa."

Mahamane ya ce, "Wai ƙwallon ƙafa, amma ana runguma a hammata! Ku dai ku ji tsoron Allah ku canza mata suna."

Haka suke. Shi ya sa da muka dawo daga asibiti Mahamane ne ya ɗauki komai a kansa. Idonsa ja, waya a kunne, yana kiran masallaci, yana kiran masu maƙabarta, yana aika a sayo likkafani. Ya ce gobe bayan azahar za a kai shi, ba za a bar shi ya yi kwanaki a cikin firji kamar yadda mutanen nan suke yi ba. Gidanmu ɗaki ɗaya ne da falo, a hawa na uku. Kafin la'asar mata sun cika falon, maza suna tsaye a kan matakala. Aka zaunar da ni a kan tabarma, aka rufe mini kai. Kowa ya shigo ya ce, "Ya haƙuri?" na ce, "Da godiya." Bakina ne yake faɗa, ni ba na wurin.

Sai ga Constance, yayar Greg, ta iso daga Baltimore tare da Martins. Babbar mace ce, 'yar coci, muna ɗasawa da ita. Ta rungume ni ta yi kuka, sannan ta ce a kunnena, "Ƙanwata, zo ciki. Akwai maganar da ba za ta jira ba."

Muka shiga ɗaki, Martins ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa. Rigar barcin Greg tana kan gado inda ya jefar da ita.

Constance ta ce, "Greg ya bar wasiyya. Ya ce in ya mutu a ba likitoci ƙwaƙwalwarsa."

Na ɗauka Turancin ne ya kuɓuce mini. Na ce ta maimaita. Ta maimaita, ta taɓa kanta da yatsa.

Na ce, "A ba su ta yaya?"

"Za su buɗe kan su cire ta. Akwai likitoci a wani gari can arewa da ke duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan wasa. Suna zargin karon nan yana lalata ta, kuma ba a iya gani sai bayan mutuwa. Dole a cire kafin a binne shi, kuma ba a son a daɗe."

Na zauna a bakin gado. Na dubi Martins. Ya ce, "Gaskiya ne. Ya faɗa mini. Ya faɗa wa likitan ƙungiya. Sauran mataimakan ma sun sani."

"Kowa ya sani?"

Martins ya ci gaba da murza hularsa.

Na ce, "Ni da nake wanke masa kai, ni ce ban sani ba?"

Constance ta zauna kusa da ni. Ta ce, "Ya ce ya gwada. Ya ce da ya fara da 'in na mutu', sai ki toshe masa baki."

Haka ne kuwa. A gidanmu ba a zama ana kiran mutuwa ana cikin lafiya. In ya fara nakan sa tafin hannu a bakinsa in ce, "Kul, bakinka ya sari ɗanyen kashi," ya yi dariya ya ce wane kashi kuma, magana ta wuce. Ban taɓa kawowa akwai sauran zance a bayan wannan ba.

Ban san Mahamane yana bayan Martins ba sai da na ji muryarsa. "Me take cewa? Jidda, me matar nan take cewa?"

Na faɗa masa da Hausa. Ya ja da baya kamar an watsa masa ruwan zafi.

"Innalillahi! A fasa masa kai? Kan da yake sujada da shi? Kabewa ce?" Ya juya ga Constance da Turancinsa na tasi. "Madam, wannan mutum musulmi ne. Yadda Allah Ya ba shi jikinsa haka za a mai da shi, ba a rage ko farce ba."

Constance ta miƙe. Ta fi shi tsawo. "Ƙanena ne tun kafin ka san akwai shi a duniya. Ni na goya shi. Abin da ya roƙa ke nan."

"Ya roƙa don bai sani ba! Wanda ya shigo addini da girma ba komai ya sani ba, mu ne za mu tsare shi."

"Ku tsare shi daga bakinsa?"

Suna cikin haka wayar Constance ta yi ƙara. Wata mata ce mai suna Irene, daga wajen likitocin nan, Martins ya riga ya sanar da su. Mahamane ya miƙa hannu ya karɓe wayar. Ya ce, "Ni ne babba a gidan nan. Mun gode. Ba mu yarda ba." Ya saurara, fuskarsa ta canza. Ya sake cewa, "Ni ne yayanta, ni na aurar da ita." Ya saurara kuma. Sannan ya sauke wayar a hankali ya dube ni.

"Wai ba ruwansu da ni. Wai ba ruwansu da yayar tasa ma. Wai dokar nan matarsa kaɗai take ji."

A wajenmu mai takaba ba ta yanke komai. Ana zaunar da ita, maza su yi abin da ya dace su zo su faɗa mata. Ni ma abin da nake jira ke nan. Sai ga mutum uku tsaye a kaina suna jiran abin da zai fito daga bakina, ga matar waya ta ce za ta sake kira bayan magariba, don in ya wuce safiyar gobe ba shi da amfani.

Mahamane ya tsuguna a gabana, ya sassauta murya. "Ƙanwata, kalma ɗaya ce. Ki ce a'a, gobe mu kai shi makwancinsa da mutuncinsa. Me za ki ce wa Inna in ta ji? Me za ki ce wa matan da ke falon nan?"

Na ce, "Yaya, a kira mini Liman."

Liman Maitama mutumin Kano ne, dattijo, shi ya ɗaura mana aure. Yana cikin mazan da ke matakala. Ya shigo ya tsaya daga nesa, kansa a ƙasa. Mahamane ya zayyana masa komai, yana ƙarawa da nasa. Na tabbata zai ce haramun ne in huta.

Liman ya ce, "Gawa tana da alfarma, wannan ba shakka. Gaggauta binnewa kuma sunna ce. Amma malamai sun yi saɓani a kan irin wannan. Akwai waɗanda suka hana. Akwai waɗanda suka ce in mamacin ne ya yi wasiyya, kuma rayayyu za su amfana, babu laifi."

Mahamane ya ce, "Allah gafarta Malam, kai wanne ka ɗauka?"

"Alhaji, da ni aka tambaya a kan kaina, da na san abin da zan ce. Ba kaina ba ne." Ya ɗan juyo wajena. "Malama Jidda, duk wanda kika zaɓa zan yi masa salla. Ke kika zauna da shi. Ke kika san ko maganar wasa ce ko ta gaske."

Suka fita suka bar ni. Na ja ƙofa.

Na zauna ina kallon rigar nan. Na ce a raina a'a zan ce. Na ƙudura. Da na rufe ido sai in ga zarto. Na tashi na yi alwala don magariba ta yi, na shimfiɗa darduma a inda muke salla, shi a gaba ni a baya. Da na ɗaga hannu zan yi kabbara sai na tuna wata magariba ta bara.

Yana ja mana salla, ya karanta rabin Fatiha ya tsaya. Na jira. Ya koma farko, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Fatiha, wadda ya fi shekara ashirin yana karantawa. Na ɗora masa daga baya, muka lallaɓa muka idar. Da ya yi sallama bai juyo ba. Na ga kafaɗun nan nasa manya suna rawa. Ya kama kansa da hannu biyu ya ce, "Jidda, mene ne a cikin kan nan? Me yake faruwa da ni?" Na ce gajiya ce, ka cika kallon bidiyon wasa. Na dafa masa shayi da na'ana'a.

Ba wannan kaɗai ba. Ya taɓa kirana daga gidan mai a Springfield, can Virginia, ya ce ya fito daga aiki zai zo gida bai san yadda aka yi ya kai can ba. Ya taɓa jifa da faranti don na tambaye shi ina makulli, mutumin da ko ƙuda ba ya kora da ƙarfi, sannan ya tsaya yana kallon fasassun kamar wani ne ya fasa. Na ɗauka sammu ne, na sa aka aiko mini da rubutu daga gida. Wani lokaci na ɗauka ya gaji da ni ne.

Na idar da salla ban san me na karanta ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Mutumin nan tambaya ya yi, kuma da gaske yake. Ni ban iya amsa masa ba. Ya je ya nemo waɗanda za su iya, kuma yanzu ni ce a tsaye a ƙofa. In na ce a'a, za mu binne shi da tambayarsa, ga kuma yaran nan da ya koya wa karo, ɗaruruwa, kowa da nasa kan.

Da wayar Constance ta yi ƙara na buɗe ƙofa na karɓa a gaban kowa. Irene ta yi mini ta'aziyya, ta yi bayani a hankali, ta tambaye ni ko na gane. Na ce na gane.

Na ce, "Fuskarsa fa?"

Ta ce ba za a taɓa fuskar ba, ta baya ake bi, a ɗinke.

Na ce, "Za ku ba mu shi mu binne jibi?"

Ta ce za su yi a nan asibitin da safe, su ba mu shi.

Na ce, "Na yarda."

Wata tsohuwa ta yi salati da ƙarfi. Mata biyu suka ɗauki takalmansu suka fita ba sallama. Mahamane ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ce, "Jidda, ke ce kuwa?" Ya sauka. Na ji tashin motarsa.

Washegari bai zo ba, bai kira ba. Na ɗauka shi ke nan. Amma ranar Alhamis da aka kai Greg ɗakin wanka na masallaci, Liman ya ce mini Mahamane ya riga kowa zuwa, ya naɗe hannun riga, ya ce ba wanda zai taɓa kan sai shi. Ban je maƙabarta ba, mata ba sa zuwa. An ce mini tsofaffin yaransa sun zo daga jihohi daban-daban, ƙatti cikin baƙaƙen kwat, Liman ya nuna musu yadda ake karɓa-karɓar makara, suka ɗauke shi kamar ba nauyi.

Da yamma Mahamane ya hawo. Ya tsaya a ƙofa bai zauna ba. Ya ce, "Na naɗa masa rawani kafin likkafani. Ba wanda ya ga ɗinkin." Ya ɗora da cewa, "Kan ba nauyi, Jidda. Na ɗaga shi, ba nauyi." Ya juya ya tafi. Har yau bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Yana zuwa, yana kawo mini cefane, amma tun ran nan bai ƙara tsokanar kowa a gabana ba.

Na yi takabata. Wasu sun daina gaishe ni a kantin 'yan Afirka. Na ji an ce Jidda ta ba Turawa kan mijinta. Inna ta yi kuka a waya ta ce Amurka ta cinye ni. Ni kaina akwai safiyar da nake tashi in ce, na shiga uku, in suka duba ba su ga komai ba fa? Na sa an yanka shi a banza ke nan.

Irene takan kira ta yi mini tambayoyi a kan halinsa, yaushe ya fara mantuwa, yaushe ya fara fushi. Na faɗa mata abubuwan da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Watanni suka shuɗe, sanyi ya zo ya wuce. Sai wata rana ta ce babbar likitar tana son magana da mu. Constance ta zo, muka ajiye wayar a kan tebur tsakaninmu.

Likitar ta ce sun ga cutar. Ta ce ta yi nisa ƙwarai, ta ci wurare da yawa, har da inda ke riƙe tunani da inda ke danne fushi. Ta ce, "Ban san yadda mijinki ya iya tashi yana zuwa aiki da wannan ƙwaƙwalwar ba. Yawancin waɗanda muka gani a haka ba sa iya ɗaura takalminsu."

Constance ta kifa kai a tebur. Ni na zauna baki buɗe. Na zaci in an ce akwai cuta zan ji sanyi. Ban ji ba. Shekaru ina kwana kusa da mutum ana cin kansa daga ciki, yana tashi yana sa hula yana yi mini murmushi yana fita.

Na ce, "Farantin da ya fasa, cutar ce?"

Ta ce, "Ina kyautata zaton ita ce."

"Da Fatiha?"

Ba ta san Fatiha ba, Constance ta yi mata bayani. Ta ce, "Ita ce."

Na ce to yanzu da sun gama, za su dawo mini da ita in sa a binne kusa da shi? Ta ce in na nema za su dawo da abin da ya rage. Amma in na bari, za su ci gaba da ajiyewa cikin sanyi, wasu likitocin su yi ta dubawa shekaru masu zuwa, ko a samu hanyar gane cutar tun mutum yana da rai. Wannan karon ban kira kowa ba. Na ce su riƙe.

Saboda haka mijina wuri biyu yake. Na tambayi Liman Maitama ko addu'ata tana isa duka biyun. Ya ce Allah Ya san inda kowace tsoka take, guda ɗaya ta wadatar. Na yarda da shi. Amma kullum in na idar da asuba nakan ɗaga hannu in yi wa Greg addu'a in shafa, sannan in ɗan karkata wajen arewa in sake yin wata.